Makin Yaya

Auta ya haura arba'in da huɗu, ga furfura a gemu ga 'ya'ya uku, amma har yau babu wanda ya yi tunanin sake masa suna a gidansu. Aikinsa gyaran sikeli. Kamfanin da yake yi wa aiki yana da kwastomomi a garuruwa goma sha wani abu, daga ɗan sikelin kantin magani zuwa na masana'anta wanda mota ke hawa, don haka rabin watansa a hanya yake yi, jakar kayan aiki a hannu ɗaya, akwatin duwatsun awo a ɗaya. Duk kuma inda ya sauka sai 'yan gidansu sun sha labari. Akwai guruf ɗin gida a waya, shi kuwa ya mayar da shi gidan rediyonsa. Jirgi ya makara. Matashin kai na otal kamar tubali aka cusa masa. Wani mai kanti ya rantse sikelinsa lafiya lau alhali yana cin giram arba'in a kowane kilo. Saƙon murya na minti shida ba komai ba ne a wurin Auta, matarsa ma takan kunna ta ajiye a kan taga tana wanke-wanke.

Kowane rahoto da kaset yake ƙarewa. Auta dai mutum ne da bai iya wuce shagon tsofaffin kaya ba. In ya gama da sikeli sai ya bi layin 'yan gwanjo yana tona kwalaye, yana neman kaset ɗin wasan gem irin na da, masu kauri, waɗanda ake sokawa a na'ura a haɗa da talabijin. Ya tara ɗari uku da sha biyu. Ɗan ɗakin da aka gina don ajiyar tarkace shi ya zama fadarsu: kantoci har rufi, kowane kaset an goge haƙoransa da auduga an liƙa masa lamba, ga tsohuwar talabijin mai ƙeya a kan tebur. Matarsa ta daɗe da sallamawa. Takan ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wasu mazan tattabaru suke tarawa, nata aƙalla ba sa ɓata tsakar gida.

Cikin ɗari ukun nan ɗaya ne ba saya ya yi ba. Shi ne wanda babansu ya kawo tare da na'urar tun Auta yana ɗan shekara sha biyu. Rubutun jikinsa ba wanda ya iya karantawa, sai suka sa masa suna Faranti, saboda wasan ke nan: wani ɗan kuku ne a kicin mai koren bango yana gudu hagu da dama yana cafe farantan da ke faɗowa daga kanta, in uku suka fashe an kore shi. Wasan yana riƙe maki ɗaya tak, wanda ya fi kowanne, tare da haruffa uku na mai shi. Wata Asabar da rana, yayarsa, wadda ta ba shi shekara huɗu, ta gama shanya ta shigo tana goge hannu a zani, ta ce ya ba ta ta gwada. Awa ɗaya da rabi ba ta ɗago kai ba. Da faranti na uku ya fashe, talabijin ta nuna dubu casa'in da takwas da ɗari huɗu da hamsin, aka ba ta gurbin suna. Ta rubuta Y, ta rubuta A, ta rubuta Y, gurbi ya ƙare. Tun daga ranar YAY ke zaune a kan allon.

Ba ta sake taɓa wasan ba. Da farko don jan rai ne, daga baya kuma lokacin ne babu: mamarsu ta kwanta jinya, girki da ƙanne suka dawo kanta, daga nan keken ɗinki ya karɓe ta shekara ashirin da biyar. Yanzu ita ke kula da shago mai teloli goma sha biyu, tana sa tabarau, yatsunta kuma in gari ya yi sanyi sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su lanƙwasu. Amma duk zuwan da za ta yi gidan Auta, kafin ta sha ruwa sai ta leƙa ɗakin tarkace ta ce, "Kunna min in gaida kaina." Ya kunna, ta duba haruffanta ta saman tabarau, ta gyaɗa kai, ta tambaye shi ko har yanzu yana ƙoƙari. Yana ƙoƙari kuwa. Shekara talatin da biyu yana bin lambar nan, kuma kullum in ya kai wajen dubu tamanin sai idonsa ya koma kan maki, tafinsa ya jiƙe, farantai su tarwatse. 'Ya'yansa sun haddace lambar kamar lambar wayar gida.

Ranar da hankalinsa ya tashi, wani kaset dabam ya kunna, sa'an Faranti a shekaru, ya tarar duk abin da ke ajiye a ciki ya shafe. Ya san dalili. A cikin irin waɗannan kaset akwai ɗan batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe da ajiyar. Ran da ya mutu, ta tafi. In kuma ka cire shi don ka sa sabo, nan ma ta tafi. Hanya ɗaya ce: a buɗe kaset, a soka allon cikinsa tsirara a na'ura, a kunna, wutar na'ura ta riƙe ajiyar, sannan a narka dalma a cire tsohon batir a liƙa sabo, abin yana kunne. Hannu ya ɗan girgiza ko wuta ta ƙifta, shi ke nan. Auta ya iya dalma, aikinsa ne. Ya gwada a kan kaset biyu da bai damu da su ba, ɗaya ya tsira, ɗaya ya shafe. Ya zauna yana kallon Faranti, ya ji tsoro na gaske. Ya sha yin mafarkin ranar da YAY zai sauka daga allon nan, amma ba ta hannun mataccen batir ba. Kuma ya san Yaya ba za ta iya maimaitawa ba, da waɗannan yatsun.

Abokan tara kaset suka ba shi labarin wani tsoho mai gyaran rediyo a wani gari mai nisan awa bakwai a jirgin ƙasa, wai bai taɓa zubar da ajiyar kowa ba. Aka yi dace kamfani na da sikelin masana'antar fulawa a can da ya kai lokacin dubawa. Auta ya nemi a tura shi. Ya naɗe Faranti cikin safa biyu, ya sa a aljihun gaba na riga, ya sa na'urar a tsakiyar kayan sawa. A hanya ya ba guruf labarin komai kamar yadda ya saba: matar da ke gefensa ta shigo da kyanwa a kwando, tagar ba ta rufuwa, mai duba tikiti ya yi kama da kawunsu. Maganar batir ce kawai bai yi ba.

Washegari ya gama da masana'anta kafin rana ta take, ya fito fari fat da ƙurar fulawa har gira, ya tafi neman shagon. Wani lungu ne tsakanin mai yankan makulli da mai sayar da takalma, a ƙarƙashin matattakalar bene. Rediyoyi sun hau kan juna har sama, ƙamshin dalma ya kama ko'ina. Baba mai rediyo siriri ne, da gilashin ƙara girma rataye a wuya, kuma magana a wurinsa kamar saye yake yi. Auta ya kwashe labari tun daga Asabar ɗin shanya, tsohon yana saurare yana goge kan ƙarfen dalma, da aka gama sai kawai ya miƙo hannu.

Ya haɗa na'urar da wani babban batirin mota da ke ƙarƙashin tebur, don kada wutar gari ta yi musu tsiya. Ya kwance kaset, ya soka allon, ya kunna wata 'yar talabijin da ta girmi Auta. YAY ya bayyana a tsakiyar allo da lambarsa. Auta ya matso har haɓarsa na neman taɓa kafaɗar tsohon.

"Ɗana, ko ka zauna ko ka fita," in ji Baba. "Numfashinka na kaɗa min hannu."

Ya zauna a kan wata tsohuwar lasifika, ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Aikin bai kai minti huɗu ba. Hayaƙi ya ɗan tashi sau biyu, tsohon batir ya faɗa cikin murfin kwalba, sabon ya zauna. Baba ya kashe na'urar gaba ɗaya, ya zare kaset, ya mayar da shi cikin gidansa ya ɗaure, ya ƙirga ashirin a hankali, ya sake sokawa ya kunna. YAY, dubu casa'in da takwas da ɗari huɗu da hamsin. Auta ya ji daɗin da rabonsa da irinsa tun haihuwar ɗansa na fari. Nan take ya ɗauki hoto ya tura guruf, ya bi shi da saƙon minti tara yana bayanin batir, da safa biyu, da hannun Baba da ba ya rawa. Amsar Yaya daƙiƙa huɗu ce: dariya, sannan ta ce a gaida likitan kaset.

Da a nan ya tattara kayansa da an rabu lafiya. Sai Baba ya ce aiki ba ya fita shagonsa ba a gwada ba, ya buga wasan ya ga ko komai na tafiya daidai, kafin shi ya shanye shayinsa. Auta ya ɗauki hannun gem, wato abin dannawar. Talabijin ɗin tsohon tana da ciwo ɗaya, tana yanke saman hoto, daidai inda maki ke tafiya in ana wasa, don haka ɗan kuku da farantansa kawai ake gani. Bai damu ba, gwaji ne. Shayi kuma ya buɗe bakin Baba, ya soma tambayarsa yadda ake gane sikelin da aka yi wa wayo. Abin nema ya samu. Auta ya shiga bayani, maganaɗisu a ƙarƙashin faranti, ƙafar da aka ɗage da kwali, mai kifin da ke jiƙa takardar naɗi, yatsunsa kuwa suna ta aikinsu ba da saninsa ba. Mai yankan makulli ya leƙo ya tsaya. Shayi ya ƙare aka sake zubawa. Wani lokaci bangon kicin ɗin ya juye daga kore zuwa shuɗi, Auta ya ce a ransa talabijin ɗin nan ta gama yayi.

Da faranti na uku ya fashe, sai wani kiɗa ya tashi wanda sau ɗaya ya taɓa jin sa a duniya, yana ɗan shekara sha biyu. Lamba ta fito a tsakiyar allo: dubu ɗari da ɗaya da ɗari biyu. A ƙarƙashinta gurbi uku babu komai, na farko yana ƙiftawa.

Gaskiya dai murna ce ta fara zuwa. Ya miƙe zumbur har kansa ya bugi matattakala, ya buɗe baki zai yi ihu. Kafin ihun ya fito ya tuna wasan maki ɗaya yake riƙewa. Ya yi tafiyar awa bakwai da kaset a ƙirji don kada batir ya ci makin Yaya, ga shi ya cinye shi da hannunsa yana hirar kifi. Garin neman gira ya rasa ido. Ya kai hannu zai kashe na'urar, Baba ya riƙe masa wuyan hannu, ya ce lambar ta riga ta shiga, suna kawai ake jira, in ya kashe yanzu ba ta dawo da tsohuwar, sai dai a bar sabuwar ba mai ita. Wani ɗan agogo a gefen allon yana ta ƙirga daƙiƙa talatin zuwa ƙasa. Shekara talatin da biyu Auta yana da haruffansa a shirye, A da U da T. Da agogon ya kai bakwai ya rubuta Y, A, Y.

Baba ya dube shi, ya dubi allon, ya ce shi dai aikinsa ya yi kyau.

Kwana biyun da suka rage masa a garin, guruf ya yi tsit. Ya duba sikelin kasuwar kifi bai ce komai ba. Ya tsinci kaset uku a wani kwali, ɗaya ma ya shekara biyar yana nemansa, bai tura ko hoto ba. Matarsa ta kira ta tambaya ko an sace masa waya ne. A jirgin dawowa ya shirya ƙarya kala uku, ya auna kowacce, duk ba su cika ba.

Ya iso gida Asabar da yamma, ya tarar da takalman Yaya a bakin ƙofa. Tana falo da matarsa, ta ce wucewa take yi ta biyo, alhali gidanta da nasa ba hanya ɗaya ba ce ko a mafarki. Ta bar shi ya ajiye jaka. Sannan ta ce mutumin da ke ba da rahoton matashin otal, in ya yi shiru kwana biyu, to ko dai an kwantar da shi asibiti ko ya yi ɓarna, kuma ga shi a tsaye da ƙafafunsa. Ta miƙe ta nufi ɗakin tarkace, shi da matarsa suka bi ta.

Ya haɗa wayoyi a hankali kamar mai jiran wani ya zo ya cece shi. Ya kunna. Yaya ta sauke tabarau kan hanci ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ba makina ba ne."

Auta ya ce ai batirin sabo ne, mai ƙarfi, wani lokaci yakan ɗan ƙara wa lamba. Matarsa ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce ya faɗa mata yadda aka yi. Ya faɗa, tun daga shayin Baba har daƙiƙa bakwai, wannan karon a taƙaice.

Ta murza yatsunta. Da ta yi magana muryarta ta yi ƙasa. Ta ce duk abin da ta yi da hannuwan nan a gidansu don wani ta yi shi, girki, wanki, ɗinki, kuma ba ta yi da-na-sani ba, amma awa ɗaya da rabin nan tata ce ita kaɗai, shi ya sa take zuwa gaishe ta. Auta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ba ta haƙuri, ya ce akwai hoton a waya, zai wanke shi babba ya sa a firam. Ta ce ya wanke, ba laifi. Sai kuma ta ɗago ta tambaye shi abin da bai zata ba, wai me ake gani in an wuce dubu ɗari, don ita ranar saura kaɗan ta kai, kuma ta daɗe tana son sani. Ya ce bangon kicin ne ke komawa shuɗi.

"Shi ke nan? Shuɗi?"

"Shi ke nan, Yaya."

A nan dariyar ta ƙwace mata, har ta cire tabarau tana share ido. Shekara talatin da biyu, ashe fenti ne kawai. Da ta lafa sai ta nuna allon da haɓa.

"To ji nan, Auta. Ka ci, na yarda ka ci, kuma na ji daɗi, don na fara tunanin sai jikokinka za su rama maka. Amma ni ban taɓa cin guminka ba, ba kuma yau zan fara ba. Cire sunana daga kan wahalarka ka sa naka."

Ya ce ba ya ciruwa. Hanya ɗaya ce, sai an wuce lambar sannan a sake ba da gurbin suna.

"To wuce ta mana," in ji ta. "Ba kai ka yi ba?"

Ta miƙa masa hannun gem, ta gyara zama, ta harɗe hannuwa. Matarsa ta kira yara su zo su ga babansu zakara. Suka cika ɗan ɗakin har bakin ƙofa. Talabijin ɗin Auta kuwa lafiyarta ƙalau, maki na nan a sama ɓaro-ɓaro, ga kuma idon Yaya a ƙeyarsa. Farantin farko ya fashe a dubu huɗu. Na uku bai kai dubu goma sha biyu ba. Ya sake, ya tsaya a dubu tara. Allon ya koma farko, YAY ya fito da dubu ɗari da ɗaya da ɗari biyu.

Yaya ta miƙe tana gyara mayafi, fuskarta fal annuri. Ta dafa kansa kamar yadda take yi tun yana ɗan sha biyu.

"Ka ci gaba da ƙoƙari," ta ce. "Ka ga ikon Allah, ko kai ka ci ni ce a sama."

Ta ce wa matarsa yanzu a kawo ruwan nan ta sha, suka fita suna dariya. Auta ya goge tafinsa a wando, ya sake danna maɓallin farawa.